Abin da ya kamata ku sani game da na'urorin da ake ɗinka wa Arlit

Duk wanda ya taɓa mance salularsa a gaban mota da tsakar rana a Arlit, cikin watan Mayu, ya san abin da ke biyo baya. Ka dawo ka ɗauka ta ƙona maka yatsa, fuskarta ta yi baƙi ƙirin, ko ta rubuto maka cewa zafi ya yi mata yawa, sai ta huce. Ka ajiye ta a inuwa, ka sha shayi, ka jira. Ba abin da ya ɓaci sai ɗan lokaci. Masu ƙera wayar ma ba su yaudare ka ba. Kamfanin Apple, alal misali, ya rubuta ƙarara cewa an yi wayarsa ne domin wurin da zafin iska ke tsakanin digiri 0 da 35. A Arlit kuwa, in bazara ta kama, kafin azahar an wuce nan. Ma'auni na haura 40 a inuwa, wasu ranakun ya leƙa 45.

To a ce na'urar da ta suma haka ita ce ke tsaron famfon da ke tura ruwan asid a masana'anta. Ko ita ce ke sanar da mutanen da ke can ƙarƙashin ƙasa cewa fankar da ke kai musu iska ta tsaya. Wannan ba a ce mata ta huta a jira ta.

Dalilin ke nan da aka sami sana'a guda a cikin aikin injiniyan lantarki: zana na'ura da ƙera ta domin wuri ɗaya da aiki ɗaya. Tsakaninta da kayan kanti kamar tsakanin ɗinkin tela ne da rigar gwanjo. Rigar gwanjo a jikin wani aka yanka ta, in ta zo maka daidai ka yi sa'a. Tela kuwa sai ya auna ka, ya tambaye ka ta sallah ce ko ta zuwa gona, sannan ya sa almakashi. Injiniyan da aka kira ya yi wa mahaƙa na'ura shi ma da awo yake farawa, sai dai abin da yake aunawa shi ne zafi, da ƙura, da girgiza, da irin iskar da ke yawo a wurin, da halin wutar da za ta ciyar da na'urar.

Wurare kaɗan ne suka tara waɗannan fitinu a waje ɗaya kamar Arlit. Garin kansa haƙa ce ta haife shi. An gano yuraniyom a Nijar a 1957, a Azelik, lokacin da Faransawa masu binciken ƙasa ke neman tagulla. An kafa kamfanin Somair a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971 daga ramuka masu buɗaɗɗen baki. Cominak ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a 1978 kusa da Akokan, shi kuma ƙarƙashin ƙasa ya nutsa, zurfin wajen mita 250, har ya haƙa hanyoyin da tsawonsu ya haura kilomita 200 kafin a rufe shi ranar 31 ga Maris 2021. Daga Arlit zuwa Agadas kusan kilomita 240 ne. Zuwa tashar jirgin ruwan Kwatano, inda aka saba shigo da kaya a fitar da gangunan garin yuraniyom mai launin rawaya, tafiya ce ta sama da kilomita 1,500. A riƙe wannan nisa a zuciya, domin shi ke mai da ƙaramar ɓarna babba. Abin da za a sauya cikin awa ɗaya a wata masana'anta a Faransa, a nan yana iya zaunar da mutane makonni.

Zafi ne babban mai kisa, kuma a hankali yake yi. Masu ƙera ƙananan sassan lantarki, 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ake gani jere a kan koren allo, suna raba su aji-aji. Ajin kasuwa, na cikin rediyo da talabijin da kwamfutar ofis, an ba da tabbacinsa daga digiri 0 zuwa 70. Ajin masana'anta daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85. Ajin soja daga 55 ƙasa da sifili zuwa 125. Wani zai ce ai ko Arlit ba ta kai 70 ba. Haka ne, a inuwa. Amma na'ura ba a inuwa take zaune ba. Tana cikin akwatin ƙarfe, akwatin yana tsaye a rana, ita kuma tana fitar da nata zafin yayin da take aiki. In ka haɗa zafin gari da dukan rana a kan ƙarfe da na cikinta, akwati na iya kai 70 ko ya wuce, alhali mai shayin bakin ƙofa yana cewa yau da sauƙi.

Akwai wani sashe da kowane mai gyaran rediyo ya sani, mai kama da ɗan gwangwani, wanda masu Faransanci ke ce wa kondansato, a Najeriya kuma kafasita. Cikinsa akwai ruwan sinadari, zafi kuwa busar da shi yake yi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke lissafi da ita ba ta da wuya: duk ƙarin digiri 10, ran gwangwanin ya ragu da rabi, duk ragin digiri 10, ya ninka. Ɗauki wanda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 105. In ya zauna a 85 zai yi awa 8,000, bai cika shekara ba ke nan. A 65 zai yi awa 32,000, shekara uku da rabi da 'yar ɗoriya. A 45 zai haura shekara goma sha huɗu. Gwangwani ɗaya ne, kuɗinsa ɗaya, wurin zama kawai ya bambanta. Shi ya sa rabin aikin mai zana irin wannan na'ura neman inuwa ne. Ya nisanta gwangwanin daga sashen da ke ɗumi, ya shafa wa akwati farin fenti, ya yi masa rumfa, ya yi masa bango biyu da iska ke ratsa tsakaninsu, ko ya bar gwangwanin baki ɗaya ya sa irin da ba shi da ruwa ko da ya fi tsada. Maginan Agadas da ke yi wa ɗaki katanga mai kauri da 'yar taga sun riga shi gane karatun.

Sanyi ma da nasa. Da hunturu, daren hamada kan sauka ƙasa da digiri 10, rana ta fito ta ɗaga shi. Allo da ƙwayoyin da ke kansa da dalmar da ta liƙe su ba sa buɗewa da tsukewa daidai wa daida. Kullum sai sun ja juna, safe da yamma, kamar mai lanƙwasa waya yana miƙar da ita. Bayan shekaru dalma ta tsage, tsagar da ido ba ya gani. Ita ce uwar ɓarnar da ta fi ba masu gyara haushi: na'ura ta yi aiki da rana, ta ƙi da asuba, ka ɗauke ta ka kai ɗakin gyara ta tashi lafiya lau kamar tana yi maka dariya.

Da zafi ne kaɗai, da sai a huda akwati a sa fanka. Amma fanka ƙura take zuƙowa, ƙura kuwa a Arlit iri biyu ce: ta Allah, wadda iskar hamada ke kawowa, da ta aiki, wadda nakiya da injin farfasa dutse da manyan kamiyoyi ke tayarwa. In ta kwanta a kan allo ta zama bargo, zafi ya kasa fita. In ta shiga fanka ta cinye ƙarfen da take juyawa a kai. In ta sami ɗan danshi a 'yan kwanakin damina, gishirin cikinta ya narke ya buɗe wa wuta hanya inda ba a yi mata hanya ba. Ka rufe akwati ruf, zafi ya kashe. Ka buɗe, ƙura ta kashe. Gaba kura, baya siyaki.

Alamar nan da ake gani a jikin kaya, IP da lambobi biyu, rabin amsa ce. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Shida a farko na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma ana gwada hakan da hoda mai laushi da ake hurawa a rufaffen ɗaki har zuwa awa takwas. IP65 ke nan ba ƙura, ya kuma jure feshin ruwa. IP67 ya jure nutso a zurfin mita ɗaya na minti 30. Sai dai awa takwas a ɗakin gwaji daban, shekara takwas a Akokan daban. Robar bakin murfi rana na gasa ta har ta bushe ta tsattsage. Kuma rufaffen akwati numfashi yake yi: da rana iskar cikinsa ta kumbura ta fita, da dare ta tsuke ta zuƙo ta waje da ƙurarta ta duk inda ta sami kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin da aka samo shi ne a yi wa akwatin hanci da gangan, 'yar kafa da aka toshe da wata siririyar fata mai barin iska ta wuce ta hana ƙura da ruwa. Zafi kuma a fitar da shi ta jikin ƙarfe: a manna sashen da ke ɗumi da bangon akwati, bangon kuma a yi masa haƙarƙari a waje yadda iska za ta ɗauke. Ba fanka, ba abin da ke juyawa. Ni da wannan nake gane mai zanen da ya san hamada. Yana gudun duk abin da ke motsi, yana gudun duk matacin da sai wani ya tuna ya wanke shi kowane mako, don ya san wata rana ba za a tuna ba.

Akwai wani maƙiyi da ba a cika ambatonsa ba, wato farar wuta. Da asid, irin na ruwan batir, ake narkar da yuraniyom daga niƙaƙƙen dutse, kuma a nan masana'antar ake haɗa asid ɗin daga farar wutar da ake shigowa da ita. Iskar da ke ɗauke da ɗan tururinta ba ta ga maciji da azurfa da tagulla, su kuwa su ne jijiyoyin allon lantarki. Sannu a hankali take mai da su baƙar tsatsa mai rarrafe daga wannan layi zuwa wancan har ta haɗe su. Abin ya ƙaru bayan Yulin 2006, lokacin da dokar Tarayyar Turai ta hana liƙi da tsohuwar dalma mai guba a yawancin kayan lantarki. Masu ƙera allo da yawa suka koma shafa masa azurfa, sai aka fara ganin alluna na mutuwa da wuri a masana'antun roba da na takarda da sauran wuraren da iska ke da farar wuta. Doka ce mai kyau domin lafiyar mutane, amma ta bar baya da ƙura inda ba a zata ba. Injiniya mai hankali kan rataya 'yan fallayen tagulla a wurin na kwana 30, ya auna kaurin tsatsar da suka yi. Daga nan zai san ko shafe allon zai yi da wani siririn fenti mai kama da man goge katako, ko binne shi zai yi gaba ɗaya cikin danƙo. Binnewa ta fi kariya, amma abin da aka binne ba ya gyaruwa, in ya mutu sai jefarwa. A garin da sabo ke daɗewa a hanya, wannan shawara ce da sai an kwana a kanta.

Girgiza ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Arlit ya ga noti na kwancewa da kansa. A kan kamiyon ɗaukar dutse ko jikin injin niƙa, kowane sashe mai nauyi ana ɗaure shi da gam, mahaɗin waya kuma mai murɗawa ya kulle ake sawa. Haka tartsatsin nan da ke cizon hannu in ka taɓa ƙofar mota da hunturu: kafin mutum ya ji shi ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da 100 na iya lalata wasu ƙwayoyi.

Wutar mahaƙa daga tashar kwal ta Sonichar take zuwa, a Anu Araren kusa da Cirozerin, ta doguwar waya mai sama da kilomita 150. A ƙarshen wayar akwai manyan injuna, in ɗaya ya tashi wuta ta nutse, in ya tsaya ta yi tsalle. Ƙofar da wuta ke shiga na'ura ita ake fi yi wa gadi. Dabaru biyu daga wannan fage sun cancanci a san su, don suna nuna yadda 'yan sana'ar ke tunani. Ma'aunin da ke can nesa, a ce mai auna ruwan tanki, ba ya fara saƙonsa daga sifili. Miliamfa 4 yake aikowa in tanki ba komai, 20 in ya cika. Me ya sa 4? Domin in waya ta tsinke, sifili ne zai iso ɗakin kula, nan take a gane cewa ba ruwa ne ya ƙare ba, ma'auni ne ya yi shiru. Ɗayar kuma ana ce mata karen gadi. Wani ɗan agogo ne a gefe wanda dole ƙwaƙwalwar na'ura ta riƙa taɓa shi a kai a kai. In ta rikice ta daina taɓawa, sai ya kashe ta ya sake tayar da ita, ba tare da an taso kowa daga barci ba.

Yanzu ga tambayar da kowa ke yi: hasken yuraniyom fa, ba ya lalata na'ura? A'a. Dutsen yankin wajen kilo biyu zuwa huɗu na yuraniyom ke cikin kowane tan ɗinsa, abin da yake fitarwa bai kai ya dami ƙwayar lantarki ba. Sassan da ake ƙerawa musamman don jure irin wannan haske na tauraron ɗan'adam ne da na cikin tashar nukiliya. A mahaƙa huhun mutum ne ke cikin haɗari, allo lafiyarsa ƙalau. Aikin lantarki a nan shi ne ya ga abin da ido ba ya gani, kuma a nan aka fi buƙatar tela, domin ba kantin da ke baza waɗannan kaya a kan tebur.

Ɗauki ƙofar awon da kamiyo ke bi ta ƙarƙashinta bayan an loda masa dutse. Da ido, dutse mai arziki da na banza kusan kamarsu ɗaya. A irin wannan ƙofa akwai wani gishiri mai kama da gilashi da ke ƙyiftawa duk lokacin da hasken gama ya ratsa shi, a bayansa kuma wani bututu da ke ninka ƙyiftawar ya mai da ita bugun lantarki da ake iya ƙirgawa. Cikin ɗan lokaci na'ura ta yanke hukunci: wannan lodi masana'anta za shi, wancan tarin mai ƙarancin daraja, wancan juji. In ta yi kuskure, ko a zubar da dukiya a juji, ko a ƙona asid mai tsada a kan dutsen banza, kuma ba mai lura sai an zo lissafi.

Ga wahalarta. Gishirin ba ya son danshi, canjin zafi na farat ɗaya kuma na iya fasa shi. Bututun yana aiki da wuta mai ƙarfin bolt dubu ko kusa da haka, wadda ƙura ke son sata. Ƙirgar tana karkata da zafi, ta safe daban, ta azahar daban, sai an gina mata dabarar gyara kanta. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, akasarin hasken da na'urar ke gani ba daga yuraniyom ɗin yake fitowa ba. Daga jikokinsa ne, abubuwan da yake rikiɗa ya zama a tsawon zamani, musamman bismut-214. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taɓa kwashe kakan ya bar jikoki, ko ya kai kakan inda jikoki ba su taru ba tukuna, na'ura za ta faɗi abin da ba haka ba. Dole a riƙa ɗibar samfur ana kaiwa ɗakin gwaji, ana daidaita ta da dutsen wannan rami. Ƙofar da aka daidaita da dutsen Kanada, ko sabuwa ce fil a leda, ba za ta ba ka gaskiyar dutsen Arlit ba.

Sai 'yar na'urar da mai haƙa ke ɗaurawa a ɗamara. Haɗarin ƙarƙashin ƙasa shi ne radon, iska marar launi marar wari da ke tsatsowa daga dutse. Rabinta kan rikiɗe cikin kwana 3.8, ta bar 'ya'ya masu manne wa ƙura su shiga huhu. A Faransa aka ƙera wa masu haƙar yuraniyom wata na'ura mai ɗan famfo da batir, tana zuƙar iskar da ke kewaye da mutum duk tsawon aikinsa, tana tace ta, wani ɗan fim a ciki yana riƙe tabon kowane bugu. Ƙarshen wata a ƙirga tabo a san rabon kowa. Iyakar da duniya ta amince da ita ga ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara, in aka baje a kan shekara biyar. Lambar da ke shiga takardar lafiyar mutum daga wannan 'yar aba take fitowa. In famfonta ya toshe da ƙura ya rage zuƙa, lamba za ta fito ƙarama, kowa ya yi murna, huhu kuwa ya sha abin da ya sha. Gara na'urar da ta mutu kowa ya gani da wadda ke raye tana ƙarya.

Awo kuma ba na kamfani kaɗai ba ne. Da na'urorin hannu ne ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen, tare da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa tun daga 2003, da Greenpeace a 2009, suka nuna cewa akwai tarkacen ƙarfe a kasuwa da wasu wurare a titunan Akokan da ke fitar da haske fiye da ƙima. Rufe Cominak bai rufe wannan aiki ba. Ya bar kimanin tan miliyan 20 na dusar dutse, wadda sai an yi shekaru masu yawa ana auna iskar kanta da ruwan ƙarƙashinta. Na'urorin da za su yi wannan gadi su kaɗai za su zauna a fili, da hasken rana za su ci abinci, ba mai share musu ƙura kullum.

A sashen da ake tsamo yuraniyom daga ruwan asid, da kananzir ake aiki, tartsatsi ɗaya ya isa. A 2001 gobara ta cinye irin wannan sashe a mahaƙar Olympic Dam a Ostireliya. Na'urar da za ta zauna a nan ana zana ta yadda ko wayoyinta sun haɗu, ƙarfin da ke cikinsu bai kai ya kunna wuta ba. Asalin dabarar daga ramin kwal na Senghenydd ne a Birtaniya, inda fashewa ta kashe masu haƙa 439 a 1913, aka kuma zargi tartsatsin wayar ƙararrawa.

To yaya ake ba da irin wannan ɗinki? Da kundin sharuɗɗa ake farawa: me na'urar za ta yi, a wane zafi, shekara nawa, wa zai gyara ta, me za ta yi ranar da ta lalace. Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran nauyi, don akwai famfon da ya kamata ya tsaya in ƙwaƙwalwarsa ta mutu, akwai fankar da ya kamata ta ci gaba da juyawa. Sai zane, sai samfur biyu ko uku, sai azaba: a gasa shi a tanda, a daskarar da shi, a ɗaure shi a teburin girgiza, a harba masa tartsatsi da gangan. Wanda ya tsira a kawo shi fili ya ci bazara guda kafin a ce a yi sauran. Tsadarsa daga nan take. Kuɗin zana salula ana raba shi a kan miliyoyin wayoyi, na wannan kuwa a kan guda ashirin ko hamsin. Saboda haka injiniyan kirki sau da yawa zai ce maka kada ka ba da ɗinki. Ka sayi ƙwaƙwalwar masana'anta da Siemens ko Schneider suka riga suka ƙera, a ɗinka mata akwati da manhaja kawai. Wanda duk abin da ka kawo masa ya ce sai an zana sabo, aljihunka yake aunawa.

Akwai kuma wani lissafi da ba a rubuta shi a jikin akwati. Masana'anta na iya yin shekara hamsin, Somair ta riga ta wuce. Ƙwayar lantarki kuwa sau da yawa ana daina ƙera ta bayan shekara goma ko ƙasa da haka. Wata rana allo zai mutu, a nemi kamfanin da ya yi shi a tarar an sayar da shi ko ya rufe, ƙwayar kuma babu a kasuwa. Sai wani ya zauna da madubin ƙara girma ya bi layukan tsohon allo ɗaya bayan ɗaya, ya gane abin da yake yi, ya zana magajinsa da sassan zamani yadda zai shiga gurbi ɗaya. Kaso mai yawa na wannan sana'a ke nan, ba ƙirƙirar sabo ba, raya tsoho. Aikin yana sauƙi ko ya gagara gwargwadon abin da ke hannun mai masana'anta: zanen wayoyi, jerin sassa, asalin manhaja, kalmar sirri. In yarjejeniya ba ta ce naka ba ne, ka sayi riga, tela ya riƙe awo.

Wannan magana ta daina zama ta ofis a Arlit. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakar Benin ta rufe, hanyar Kwatano ta toshe, a Satumba Somair ta dakatar da tace dutse saboda ƙarancin sinadarai. A Disamba 2024 kamfanin Orano na Faransa, mai kashi 63.4 cikin ɗari na hannun jarin Somair, ya ce gudanar da Somair ya fita daga hannunsa. A Yuni 2025 gwamnati ta sanar da mai da Somair mallakar ƙasa. Ana ta muhawara a kan siyasar abin. Mai gyara kuwa da tasa damuwar. Hannun jari rana ɗaya doka ke sauya masa mai shi, sanin abin da ke cikin akwati ba ya zuwa da doka. Mutane akwai: kusan duk ma'aikatan Somair 'yan Nijar ne tun da daɗewa, makarantar EMAIR a Agadas da EMIG a Yamai sun yi shekaru suna yaye masu fasaha da injiniyoyi, an kuma kafa Jami'ar Agadas a 2014. Takun da ya rage shi ne daga gyara zuwa zane, kuma bai yi tsadar da ake tsammani ba. Yau mutum na iya zana allo a kwamfutarsa, ya aika zanen ta intanet zuwa ƙasar Sin, a buga masa a aiko. Abin da ba a aikowa shi ne sanin yadda ƙurar Akokan ke shiga akwati, shi kuwa yana kan ɗan gari. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a wannan: Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru a hukumar ONERSOL yana ƙera kayan aiki da hasken rana a kan awon ranar ƙasarsa.

Ba sai mai mahaƙa wannan karatu ke yi wa amfani ba. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014, Arlit ta zama zangon masu nema, kasuwa ta cika da injin gano zinariya, da faifan sola, da famfon rijiya, da akwatin juya wuta. Injin gano zinariya na kamfanin Minelab na Ostireliya ya yi suna har aka cika Afirka da jabunsa, jabu kuwa a waje kamarsu ɗaya, a ciki ne aka rage: ajin ƙwaya, kaurin tagulla, robar murfi. Mai saye ba zai buɗe ciki ba, amma zai iya juya kwali ya nemi lambobi biyu, iyakar zafi da IP, ya kuma tambayi wa ke gyara shi a gari. In ya kai gida, wurin ajiya na hannunsa. Batirin sola mai ruwa shi ma bin ƙa'idar gwangwanin nan yake yi. Wanda aka ce zai yi shekara biyar a digiri 25, in aka kulle shi a ɗakin kwano mai digiri 45, da ƙyar zai ga bazara ta biyu.